Idan Garkuwar Jiki Ta Juya Wa Mai Ita

Ba kowane ciwon gaɓɓai ba ne sanyin ƙashi. Akwai cututtukan da garkuwar jiki kan juyo ta afka wa mai ita, kamar lufus, da wanda ke ƙandarar da fata, da wanda ke raunana tsoka. Wani lokaci alamomin biyu ko uku kan haɗu a jikin mutum guda, akasari mace, har likita ya rasa sunan da zai ba ciwon.

A shekarar 1972, Dakta Gordon Sharp na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana irin waɗannan majiyyata. Hannuwansu kan kumbura, yatsunsu su sauya launi cikin sanyi, kuma jininsu na ɗauke da sinadarin garkuwa anti-U1 RNP. Masu shi na bukatar a riƙa duba su, domin hawan jinin jijiyoyin huhu na kan gaba wajen hallaka su. Shi kuwa anti-Jo-1 gargaɗi ne na tabon huhu.

Saboda haka, wadda ta daɗe tana shan maganin zazzaɓi da na sanyi babu sauƙi, a fara mata da gwajin ANA tun huhu bai taɓu ba.