Me ya sa waƙa ke fita garau daga sitidiyo, amma ta iso Kura a shaƙe?

Duk wanda ya bi gefen kanal tsakanin Kura da Bunkure a lokacin noman rani zai ji ƙarar injin ban-ruwa, zai kuma ji waƙa. Masu dashen shinkafa sun rataye 'yar lasifikar nan da ake kira MP a jikin sanda, masu tsinkar tumatir sun bar waya tana yi a aljihu. Ruwan da ake noman da shi daga dam ɗin Tiga yake gangarowa, wanda aka kammala a 1974. Waƙar kuwa yawanci daga sitidiyoyin birnin Kano take fitowa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota. Amma kafin ta iso gona sai a ji kiɗan ya cushe, muryar tana karkarwa kamar ana rera ta a cikin gwangwani. Nan take a ɗora wa waya laifi, wani ma ya fara lissafin sayar da buhun shinkafa ya sake sabuwa. Sau da yawa wayar ba ta da laifin komai.

Tun zamanin fim ɗin Sangaya, wajen shekarar 2000, waƙar fim ta riƙa cin kasuwarta daban da fim ɗin. Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan sai memori da shagunan masu tura waƙa. Zuwa 2020, lokacin da Jaruma ta Hamisu Breaker ta karaɗe ko'ina kuma Labarina na Aminu Saira ya fara fita, waƙa ta riga ta zama fayil kawai. Shi kuma fayil yana da nauyi, kuma a wajen rage nauyin nan ake yin ɓarnar.

Waƙar minti 5 idan mai haɗa sauti ya fitar da ita a tsarin WAV mai ingancin CD, takan kai megabayit 50. Babu mai ƙona datarsa a kan wannan, don haka ake matse ta zuwa MP3, tsarin da aka ƙirƙiro a cibiyar Fraunhofer ta Jamus. Dabararsa ita ce zubar da sassan sautin da ake ganin kunne ba zai lura da rashinsu ba. A matakin 320 kbps waƙar za ta dawo megabayit 12, a 128 ta zama kusan 5, a 64 kuwa 2 da rabi ma ba ta cika ba. Matsar farko, idan an yi ta da kyau, da wuya a ji bambanci. Matsala tana farawa ne idan aka sake matse abin da aka riga aka matse.

Ga yadda abin yake faruwa. Mawaƙi ya ɗora bidiyo a YouTube, an matse sau ɗaya. Wani ya sauke ta da manhajar juya bidiyo zuwa MP3, sau biyu. Mai shafin waƙoƙi ya liƙa muryar tallarsa a farko ya sake fitarwa, sau uku. Wata ta haɗa da hotunan biki ta sa a sitatus na WhatsApp, wani ya naɗo daga fuskar wayarsa ya cire sautin. Kowane mataki sai ya yagi rabonsa, kuma abin da aka zubar ba ya dawowa. Juya fayil mai 64 zuwa 320 ƙara masa ƙiba ne kawai, kamar zuba ƙaiƙayi a buhu don ya yi tudu.

Abin mamakin shi ne, wanda aka fi zargi shi ne mai gaskiya. Tura waƙa ta Xender ko Bluetooth ba ya rage mata komai, kwafi ne cif-cif, ko da ta bi waya ɗari. Illarsa ta wani ɓangaren ce: mawaƙi ba ya ganin ko sisi, domin YouTube da Audiomack da Boomplay abin da aka saurara a cikinsu kawai suke ƙirgawa. Mai son waƙa mai kyau ya je shafin mawaƙin da kansa ya ɗauko, idan kuma a shago zai karɓa, ya duba nauyinta. Waƙar minti 5 da ba ta kai megabayit 3 ba ta sha hannu.

Sauran laifin na fili ne. A gona babu bangon da zai dawo da sauti, ga inji yana ruri, sai a ƙure ƙarar MP. Ƙaramar lasifika ba ta iya ɗaukar dukan ganga mai zurfi, balle idan caji ya yi ƙasa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen biki. Bayan an kwashe amfanin gona kuɗi ya shigo hannu, bukukuwa kan yawaita, a nan ne ƙananan mawaƙan yankin suke samun filin nuna kansu. Yaron da ba shi da kuɗin shiga sitidiyo, bidiyon da abokinsa ya ɗauka a wajen wasa shi ne jarinsa, shi zai ɗora a TikTok, shi zai tura wa furodusa a Kano. Abokin kuma, saboda son a ga fuska, sai ya je ya tsaya dab da lasifika. Makirfon waya ƙanƙane ne, yawancinsu sukan ƙure ne a wajajen desibel 120. Da zarar ƙara ta wuce nan sai na'urar ta datse kan sautin, abin da zai rage shi ne ƙarar yagewar tsumma. Babu manhajar da za ta mayar da shi yadda yake. Wanda aka tura wa zai saurari daƙiƙa biyar ya wuce, bai ma ji ko yaron ya iya waƙa ba.

Maganin bai kai kuɗin katin waya ba. A fili, duk lokacin da mutum ya ninka tazararsa da lasifika, ƙara na raguwa da kusan desibel 6. Wanda ya ja baya daga mita 1 zuwa mita 8 ya rage 18 ke nan, kuma ya huta wa kunnensa, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar wuraren wasa ya wuce 100. A tsaya daga gefe, a yi nesa da janareto, kada yatsa ya toshe ramin makirfo da ke gindin waya. Idan iskar hunturu na kaɗawa, a rufe ramin da ɗan soso. Wanda ya samu fahimta da DJ, zai iya jawo sautin kai tsaye daga na'urar haɗa sautinsa da ƙaramin katin sauti na USB da wayar OTG, sannan ya haɗa shi da bidiyon a CapCut.

Wajen turawa kuma, kada a zaɓo bidiyon daga ma'ajiyar hotuna, domin WhatsApp zai sake matse shi. A aika shi a matsayin dokumen, inda manhajar ke karɓar fayil har mai nauyin gigabayit 2 ba tare da ta taɓa shi ba.