Wa Ke Yanka wa 'Yan Majalisa Albashi?

Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360. Su ne ke amincewa da kasafin kuɗin tarayya kowace shekara, kuma daga cikinsa ake biyan su. Tun da mutum ba ya yi wa kansa alƙalanci, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya cire yankan albashi daga hannunsu.

Sashe na 70 ya ɗora wannan nauyi a kan Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga da Rabon Arzikin Ƙasa, wadda aka fi sani da RMAFC. Sashe na 111 ya ba ta irin wannan iko a kan 'yan majalisun jihohi. Hukumar ta ƙunshi shugaba da wakili ɗaya daga kowace jiha da Babban Birnin Tarayya. Shugaban ƙasa ke naɗa su da amincewar Majalisar Dattawa, na tsawon shekara 5, kuma ba zai iya tsige ɗayansu ba sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun goyi baya. An yi haka ne domin su yi aikinsu ba tare da fargabar rasa kujera ba.

Sai dai albashi daban, kuɗin tafiyar da ofis daban. Kuɗin ofis, wanda akan ce na zirga-zirga ne da hidimar mazaɓa, yana fitowa daga kason majalisa a cikin kasafin da ita kanta ta amince da shi. A 2018 Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a ƙarƙashin wannan kaso, adadin da ya ninka albashin sau da dama. Nan ne sa ido ya fi rauni.

Doka ta tanadi hanyoyi biyu na bin bahasi. Ta farko ita ce Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda sashe na 85 ya wajabta masa binciken asusun gwamnati. Amma majalisar yake miƙa wa rahotonsa, kwamitinta kuma shi ke duba shi. Ta biyu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowa damar neman bayani a rubuce daga ma'aikatar gwamnati, har da majalisa, a amsa masa cikin kwana 7. Idan aka hana shi, yana iya zuwa kotu.

Saboda haka, in ɗan takara ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi: zai riƙa bayyana abin da yake karɓa da yadda ya kashe shi? Zai goyi bayan a miƙa kuɗin ofis ga masu sa ido daga wajen majalisa? Ku riƙe amsarsa, ku auna ta da aikinsa kafin zaɓe na gaba.