Lambu a Buhu: Abin da Zafin Sakkwato Ya Koya Mini

Yau daga tsakar gidanmu nake magana, nan Ƙofar Kware. In kun ji kukan akuya a bayan muryata ku yi haƙuri, ita ma tana cikin labarin.

A 2024, lokacin da tumatir ya yi tsadar da kowa ya ji a jikinsa, Inna ta aike ni cefane, na dawo da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Ta dube ni ta ce, "Kai da digirinka, ko alayyahu ba ka iya shukawa?" Na ce ai ba mu da gona, tsakar gidan ma siminti ne. Ta ce, "Buhu fa, shi ma babu?"

Haka munka fara. Buhun shinkafa na naɗe bakinsa zuwa rabi, na huda ƙasansa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa fita. Ƙasar kuwa haɗi ce: kashi biyu ƙasa mai kyau, kashi ɗaya rairayi, kashi ɗaya takin awaki da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi, kada ku yi gaggawa.

To, ga inda na sha kashi. Na shuka tumatir a watan Maris, cikin baƙin bokiti, a tsakiyar rana. Ku da kanku kun san Afrilun Sakkwato, zafi na wuce digiri 40. Baƙar roba tana shan rana, ƙasar ciki ta zama kamar tukunya bisa murhu. Wanda ya rayu ya yi fure, furen ya zube, ko ƙwaya ɗaya ban ci ba. Tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya a irin wannan zafi. Shi ya sa masu lambu a fadamar Kwalkwalawa ke nomansa da sanyi. Ku dasa a Oktoba ko Nuwamba, shi da salak da albasa mai lawashi. Da bazara ku riƙe alayyahu da rama da yakuwa, su ne masu haƙuri. Alayyahu sati huɗu kun fara tsinka.

Wuri ma a zaɓa: jikin bangon da ke samun hantsi, inuwa ta rufe shi bayan azahar.

Ruwa fa? Mu da muke saye wurin 'yan garuwa, ba mu iya ɓarnar jarka guda kan ganye. Mun ajiye baho inda ake alwala, ana kuma tara ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Ban da ruwan omo. Ban-ruwa da asuba da bayan la'asar, sannan a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe.

Sai jar akuyar Inna. Dare ɗaya ta share mini buhu uku tas. Yanzu duk na ɗora su bisa bulo da katako, na kewaye da tsohon gidan sauro, wanda ke tare kaji ma.

Buhu takwas ba su ciyar da gida, kada wani ya ruɗe ku. Har gobe muna sayen tumatir da tarugu. Ganyen miya ne dai rabonmu da saye tun bayan damina.