Shekara Guda ta Rangwame: Riba Ce ko Bashi?

Da zarar sakamakon Bakaloriya da na GCE ya fito a tsakiyar damina, gidajen Garwa kan cika da murna da 'yan barka. Bayan mako guda kuwa sai muhawara ta maye gurbin murna: ina yaron zai nufa, kuma me zai karanta? Wani kawu zai ce Dang, wani ya ce Marwa, wani ya ce ga jami'a nan a gida tun 2022. Can kuma sai a sami wanda zai ce a kai shi Yola ko Kano, domin an ce da takardarsa zai tsallake aji ɗaya. Wannan maganar ta ƙarshe ita muke so mu tsaya a kanta, saboda gaskiya ce, amma rabin gaskiya.

Asalin rangwamen lissafi ne kawai. A Kamaru yaro yana yin shekara 7 a sakandare, ko ta Faransanci ko ta Ingilishi, sannan ya yi 3 a jami'a ya karɓi lisans. A Nijeriya sakandare shekara 6 ce, digiri na farko kuma galibi 4. Don haka wanda ya zo da babban matakin GCE, da darussa biyu da suka dace da fannin da yake nema, yana iya neman gurbin shiga kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu. Takardar da ta fito daga waje sai an tantance ta tukuna, kuma kowace jami'a da nata sharuɗɗan. Mai Bakaloriya musamman ya tambayi jami'ar da kansa kafin uba ya sayar da buhun masara ko ɗaya.

To, ina matsalar? Takarda tana shaida cewa yaro ya ci jarrabawa, ba ta shaida abin da ya rage a kansa bayan wata huɗu na hutu. Wanda ya faɗa aji biyu zai tarar da abokan zama da suka riga suka yi shekara guda tare, sun san malamai, sun san ɗakin gwaji, sun san yadda ake rubuta amsa. Malamin aji biyu kuwa ba zai koma baya saboda baƙo ba. Sau da yawa akan ɗora wa mai shiga kai tsaye wasu darussan gama-gari na aji ɗaya, irin su Ingilishi, a kan nauyin da yake ɗauke da shi. Ga kuma abin da iyaye ba su cika sani ba: darajar digiri ana fitar da ita ne daga matsakaicin makin dukan shekarun da ɗalibi ya yi. Wanda aka lissafa masa shekara 4 yana da filin gyara ɓarnar zango guda. Wanda ke da 3 kacal, ɓarnar ta fi yi masa nauyi. Yaron da ya yi lise da Faransanci, sannan ya zauna gaban malamin kimiyyar sinadarai mai magana da Ingilishi cikin sauri, ya san abin da muke nufi.

Mu da muka zauna a zaure mun san ba a buɗe Risala sai an sauke Ahalari da Ishmawi, ko da almajiri ya rantse ya taɓa jin karatunsu a wani wuri. Malam yakan ce ya karanto, a ji. Irin wannan gwajin muke ba da shawara a yi a gida: a nemo tambayoyin jarrabawar aji ɗaya na fannin da ake so, yaro ya zauna ya amsa su ba tare da littafi ba. Idan lissafi da kimiyya sun zauna, harshe kuma bai gagare shi ba, ya karɓi rangwamen, amma kada ya cika zangon farko da kwasa-kwasai har iyakar abin da doka ta yarda. Idan ya yi ta tuntuɓe, shekara guda a aji ɗaya ta fi arha a kan maimaita darasi sau biyu.

Wanda ya tsaya a gida ba shi da wannan tsallake, amma shi ma takardarsa ce ke buɗe masa wata ƙofa ta rufe wata. A tsarin LMD da jami'o'inmu suka shiga tun 2007, ɗalibi ba ya tsintar darussa ɗaya bayan ɗaya. Fanni yake zaɓa, darussan su zo a ƙunshe, kiredi 30 a kowane zango, 180 kafin lisans. Seri C da D suna kaiwa ga tsangayar kimiyya, seri A ga shari'a da adabi da tarihi. Makarantu irin su ENSAI ta Ngaundere, da makarantar horar da malamai ta Marwa, da tsangayar likitanci ta Garwa, sai an ci gasar shiga. Kuskuren da muka fi gani shi ne mai seri D da ya ƙetare da ƙyar a lissafi, ya rubuta sunansa a fannin lissafi ko kwamfuta don kawai takarda ta ba shi dama kuma abokinsa yana can. Kafin Janairu ya fara kirga darussan da zai sake zama.

Saboda haka idan yaro ya kawo takardar sakamako, kada a tsaya ga kalmar da ke cewa ya ci. A buɗe takardar maki, a duba darasi darasi, a ga inda ya haura 12 bisa 20 da inda wasu darussan ne suka ɗauke shi ya ƙetare. Uban da bai iya karanta ta ba ya kai wa malamin lise da ya koyar da yaron a ajin ƙarshe, su zauna su uku kafin a buɗe rajista.