Na'urar Gano Ƙarfe Ta Haɗin Gida: Abin Da Ke Sa Ta Kuka, Da Abin Da Ke Kurumtar Da Ita

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ratsa ta wajen masu sayar da kayan rediyo da na lantarki a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, wadda a hukumance ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, da wuya ya rasa ganin ɗalibai riƙe da 'yar takarda suna bi rumfa rumfa. Taransista suke nema, da kwandansa, da siririyar wayar tagulla, da dalma. A cikin ayyukan da ɗaliban makarantun fasaha kan zaɓa don kammala karatunsu akwai na'urar gano ƙarfe, domin kayanta ba su da tsada, zanenta kuma yana nan cikin littattafai. Sai dai bayan an gama haɗawa, ƙorafi biyu ne ke biyo baya: ko dai ta cika kunne da kuka alhali babu ƙarfe kusa, ko kuwa a kanga mata kwandala ta yi gum.

Wannan magana ta wuce ta cin jarrabawa. Tun bayan hare-haren da aka kai Kano ran 20 ga Janairu, 2012, da fashewar bam a tashar mota ta New Road a nan Sabon Gari ran 18 ga Maris, 2013, mutanen gari suka saba ganin ana shafa musu irin wannan na'ura a ƙofofin masallatai da majami'u da makarantu. Haka kuma da aka gano zinariya a Jado, can arewacin Jamhuriyar Nijar, a 2014, dubban mutane sun kutsa hamada da na'urorin gano ƙarfe a kafaɗa. Na'urar da ke ƙarya kuwa, ko ta ci dukiyar mai ita, ko ta jawo asarar rai.

Yadda take aiki

Mafi sauƙin haɗawa ita ce mai sassa biyu masu kaɗa lantarki, waɗanda za mu kira makaɗa biyu. Kowannensu yana kaɗawa kimanin sau 100,000 a daƙiƙa guda, abin da kunnen ɗan Adam ba ya ji, tunda jinmu bai wuce wajen 20,000 ba. Makaɗi na farko yana cikin akwati, ba ya canzawa. Na biyu yana haɗe da kwayil, watau zoben wayar nan da aka nannaɗe a ƙarshen sandar. Idan aka gwama kaɗawar su biyun, abin da ke fitowa a kunne shi ne bambancin da ke tsakaninsu. Alal misali, in ɗaya yana 100,000 ɗayan yana 100,300, sautin 300 za a ji.

Kwayil ɗin yana watsa ƙarfin maganaɗisu kewaye da shi. Da zarar ƙarfe ya shigo wannan fage sai kaɗawar ta ɗan gusa, sautin ya sauya. Ƙusa ta baƙin ƙarfe kan rage kaɗawar, tagulla da azurfa da zinariya kuwa su kan ƙara ta.

A nan ne asalin matsalar yake. Kwandala ɗaya da ke ɗan nesa ba ta gusar da kaɗawar sai kaɗan ƙwarai. Amma in zafi ko raunin batir ya gusar da ita da kashi ɗaya tak cikin dubu, sautin ya sauya da 100 ke nan, wanda zai binne alamar kwandalar gaba ɗaya. Saboda haka kuka da kurumta sau da yawa ciwo ɗaya ne, watau rashin natsuwar makaɗan. Wanda ya ƙara wa na'urarsa lasifika mai ƙarfi kafin ya natsar da ita, kukan kawai ya ƙara wa ƙarfi.

Darasi daga Amurka

Kada ɗalibi ya ji kunya, domin manya ma sun sha wannan wahala. A ran 2 ga Yuli, 1881, aka harbi Shugaban Amurka James Garfield, likitoci suka rasa inda harsashin ya maƙale. Alexander Graham Bell, wanda ya shahara da ƙirƙiro tarho, ya haɗa wata na'ura don nemo shi. A gwajin farko ran 26 ga Yuli, wani tartsatsin sauti ya hana shi jin kome, daga baya ya gano cewa bai haɗa kwandansa daidai ba. A gwaji na biyu ran 1 ga Agusta, ya ji sauti mai rauni a wuri mai faɗi, ashe shugaban yana kwance ne bisa katifa mai wayoyin ƙarfe. Bugu da ƙari, babban likitan ya taƙaita binciken a gefen dama, harsashin kuwa yana hagu. Garfield ya rasu ran 19 ga Satumba na wannan shekara. Kuskuren haɗi, da ƙarfen da ba a lura da shi ba, su ne har yau ke kayar da masu haɗa na'urar.

Daga ina za a fara?

A fara da wurin gwaji. Rumfar kasuwa ita ce mafi munin wuri ga wannan aiki: sama kwano, ƙofa ƙarfe, cikin siminti rodi, ga janareto yana ruri, ga cazojin waya da ƙwayayen fitila na zamani, waɗanda dukkansu ke watsa hayaniyar lantarki. Wayoyin wutar gari su ma suna da nasu gunjin, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. A fita da na'urar fili, a cire agogo da zobe da makullai. In kukan ya ɗauke, to ba ta da laifi. Sandar kanta ta zama ta katako ko bututun roba, kada ƙusa ko noti ya kusanci kwayil.

Sai batir. Batir mai bolt 9 da ya fara rauni yakan sa sautin ya yi ta zamewa. A sa sabo, a biyo da wutar ta 'yar na'urar daidaita wuta irin mai lamba 7805, a kuma liƙa kwandansa dab da kowane makaɗi don tace wutar da ke shigar masa. Lasifika tana jan wuta da yawa har ta girgiza ta makaɗan, don haka abin sawa a kunne ya fi.

Na uku shi ne kwayil. In naɗin wayar yana motsi ko da kaɗan ne, kowane taku sai ya sauya sautin. A ɗaure shi tam, a shafe da gam mai ƙarfi har ya zama kamar dutse. Wayar da ta taso daga gare shi ta zama mai riga, irin ta makirfo, a kuma ɗaure ta jikin sanda. In na'urar tana kuka da an kai hannu ko ta kusanci ciyawa mai laima, maganinsa a naɗe kwayil da takardar alminiyam, a haɗa takardar da ƙafar batir mai alamar ragewa. Amma a bar giɓi na kamar santimita 1, domin in bakin takardar biyu suka haɗu ta zama cikakken zobe, ita kanta za ta shanye ƙarfin kwayil ɗin.

Na huɗu zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ƙananan kwandansa masu araha kuwa suna sauya ƙarfinsu da sauyin zafi. A nemi irin waɗanda zafi bai cika taɓawa ba, a sa iri ɗaya a makaɗan biyu don in za su gusa su gusa tare, a kuma bar na'urar ta yi 'yan mintoci a kunne kafin a saita ta.

In kuma kurumta ce

Kunne ya fi gane ɗan sauyi a sauti mai kauri, shi ya sa ake saita makaɗan su kusanci juna. Amma in suka kusanta ƙwarai, kuma suna maƙwabtaka a kan allo ɗaya, sai ɗaya ya janye ɗayan su riƙa tafiya tare, kamar makaɗan kalangu biyu da ke jin juna. Daga nan bambanci ya ɓace, na'ura ta yi shiru ko da ƙarfe a gabanta. A raba su nesa, a sa shingen gwangwani tsakani, kowa da matatar wutarsa.

Girman kwayil ma yana da tasiri. Babba ya fi kai wa nesa amma yakan tsallake ƙananan abubuwa, ƙarami ya fi jin ƙusa da kwandala amma ba ya zurfi. Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa: ga ƙaramin abu da ke nesa da kwayil, in nisan ya ninka biyu, alamarsa takan ragu kusan sau 64. Wannan ne ya sa na'urar haɗin gida da ƙyar take jin kwandala a nisan da ya wuce taƙi guda.

Ƙasar kanta tana magana. Jar ƙasa da marmara suna ɗauke da baƙin ƙarfe, kuma tarihi ya nuna an narka tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Don haka a saita na'urar a bisa ƙasar da za a yi aiki, a riƙe kwayil a tsayi ɗaya ba tare da ɗagawa da saukewa ba.

A duk gyaran nan, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. A tanadi kwandala ɗaya da rula, bayan kowane gyara a auna nisan da aka ji ta, a rubuta.

Jan kunne

Na'urar haɗin gida makaranta ce mai kyau ga ɗalibi, amma ba a jingina tsaron rayuka a kanta. Ma'aikatan da aka ɗora wa alhakin sayen kayan tsaro na ofisoshi da makarantu su nemi ta masana'anta, su kuma sa a riƙa gwada ta kowace safiya da ƙarfe sananne, a duba batir. Su tuna cewa ƙarfe kaɗai take ji, ba ta jin abin fashewa in babu ƙarfe a jikinsa. Mai neman zinariya shi ma ya sani cewa curi take ji, ba garin da ke warwatse cikin dutse ba, kuma dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora ikon ma'adinan ƙasar nan a hannun Gwamnatin Tarayya. Kafin mutum ya sayar da gonarsa ya sayi na'ura, ya binne kwandala a gaban mai sayarwa, ya ce a nemo masa ita.