Yaushe Ake Rubuta Cinikin Gida A Littafin Gwamnati?

Ga mutum ya sayi gida a Unguwar Dosa. Ya biya kuɗi gaban mai unguwa da shaidu, dillali ya karɓi la'adarsa, aka shafa fatiha. Mai gida ya miƙa masa takardar mallaka, wadda ake kira Si-of-O. To, gida ya zama nasa ke nan? A wurin maƙwabta, i. A littafin Gwamnati kuwa, tukuna. Sunan tsohon mai shi ne a can.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha amana a hannun Gwamna. Mai Si-of-O ba shi da ikon sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. Kada ku ɗauka wasa ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina da aka yi wa Bankin Savannah, don ba a nemi yardar nan ba.

Lauya zai rubuta takardar ciniki, mai saye da mai sayarwa su sa hannu. A kai ta ofishin KADGIS a Kaduna, a nemi yardar Gwamna, a biya kuɗin kan sarki. Sa'an nan ma'aikacin rajista ya shigar da ita cikin littafi, ya ba ta lamba da kwanan wata. Ran nan ne ciniki ya shiga littafi, ba ran da aka ƙirga kuɗi ba.

Ku lura da kwanan watan nan ƙwarai. In mai gida mayaudari ne, ya sayar wa mutum biyu, galibi wanda ya riga yin rajista shi ne gaba a wurin shari'a, ko da ɗayan ne ya riga biya.