Gobirawan Ƙetare da Larurar Ƙarancin Natsuwa

A Bafarawa ko Sabon Birni, yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya sunansa mai rawar kai. Idan ya girma yana manta alƙawari, yana fara aiki goma bai gama ko ɗaya ba, sai a ce shiririta ce. Sau da yawa kuwa larura ce da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da aikatawa kafin tunani. Alamunta kan bayyana kafin shekara 12, kuma kusan kashi 2.5 cikin ɗari na manya a duniya na fama da ita.

A gida larurar kan ɓuya. Noma da kiwo da fatauci ayyukan motsi ne, ladan na raba wa mutum yini, uwargida ko ƙane na tuna masa abin da ya manta. Amma Bagobirin da ya je karatu Manchester ko aikin jinya Landan, daga shi sai agogo. Wasiƙun haraji da na biza su taru ba a buɗe ba, makara ta yi yawa, kuɗin cefanen da iyaye ke jira a Isa ya yi ta jinkiri. Dangi su ce Turai ta canza shi, alhali masu tallafa masa ne ya baro a gida.

Nan ƙwararrun masu koyar da tsarin rayuwar yau da kullum ke shigowa. Su ba kasafai magani ne aikinsu ba. Sukan bi yinin mutum daki-daki: makulli da katin banki su sami wuri ɗaya a bakin ƙofa, a rarraba babban aiki ƙanana-ƙanana, a ɗaura wasu ayyuka a kan salla, kamar buɗe wasiƙu bayan magariba. A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar aiki yin sassauci ga wanda larura ta taɓa aikinsa sosai, shirin Access to Work kuma na taimakawa da kuɗi, kodayake layin ganin likita kan kai shekaru a wasu yankuna.

Babban cikas shi ne kunya. A ƙasar Gobir, da an ambaci asibitin ƙwaƙwalwa na Kware sai a ce hauka, wannan tsoron kuwa har ƙetare yake bin mutane. Ya kamata ƙungiyoyin Hausawa da limaman masallatansu su riƙa gayyato waɗannan ƙwararru taro, domin mai larura ya nemi taimako tun kafin ya rasa aikinsa.